Saurin Doki da Ganin Ido: Sharhi a kan Marubutan da Suka Ratsa Filin Pampa

Pampa kalma ce ta harshen Kecuwa, ma'anarta shimfiɗaɗɗen fili. Da ita ake kiran sararin ciyawar nan da ya mamaye tsakiyar Ajantina ta gabas, ya haɗa da Yurugwai, ya leƙa kudancin Barazil, wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 700,000. Ƙasar wurin baƙa ce mai laushi, a galibin wurare ba dutse ba tsakuwa, ruwan sama kuwa yakan sauka tsakanin milimita 600 zuwa 1,200 a shekara, yana raguwa in an nausa yamma. Duk da wannan albarka, marubutan Ajantina na ƙarni na 19 sun daɗe suna kiran wurin da kalmar Sifaniyanci desierto, wadda in aka fassara ta kai tsaye sai a ce hamada. Bahaushe ba zai kira wurin da saniya ke ɓacewa cikin ciyawa hamada ba. Kalmar da ta fi kusa ita ce daji, domin ba rashin ruwa ke sa a kira wuri daji ba, rashin gari ne. Kuma an san yadda akan ce wuri daji ne alhali kuwa cike yake da rugage.

Wannan maƙala za ta duba yadda wasu marubuta huɗu suka ratsa wannan fili a rubuce. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, abin da kowannensu ya gani ya rataya ne a kan saurin tafiyarsa da kuma abin da ya kai shi, sa'annan abubuwan ban sha'awa da ake nuna wa baƙo a Pampa a yau, littafin da ya fi sauran daɗin karatu ne ya zaɓe su, ba wanda ya fi su gani ba.

Mai sukuwa da wanda bai je ba

Kyaftin Francis Bond Head injiniyan sojan Ingila ne. A 1825 wani kamfanin haƙar ma'adinai na Landan ya tura shi ya duba ramukan zinariya da azurfa a duwatsun Andes. Pampa ba ita ce manufarsa ba, hanya ce da ta tsaya tsakaninsa da manufar, don haka ya yi ta ƙetare ta a guje, yana canja doki a kowane zango, abincinsa naman sa da ruwa, har mutanen Ingila suka yi masa laƙabi da mai sukuwa. Harkar ma'adinan ta rushe, amma littafin da ya buga a 1826, Rough Notes, ya samu karɓuwa ƙwarai.

Salon littafin ya yi kama da tafiyar. Jimlolinsa suna rugawa, hotunansa suna giftawa, kuma akwai wuraren da saurin ya yi amfani. Head ya raba filin da ke tsakanin Buenos Aires da gindin Andes gida uku: yankin wata ciyawa mai ƙaya, da yankin doguwar ciyawa, da yankin gajerun itatuwa. Siffanta yankin farko da ya yi ita ce gwanintarsa. Ya nuna yadda ƙayar take kwance da hunturu, sai cikin ɗan lokaci ta miƙe ta wuce kan mahayi, ta toshe hanya da gani baki ɗaya, daga bisani ta bushe, iskar nan mai ƙarfi ta kudu maso yamma da ake kira pampero ta zo ta kwantar da ita. Wanda ya bi hanya ɗaya sau da yawa a lokuta dabam-dabam ne kaɗai zai iya wannan bayani. Sai dai akwai wani abin lura. Ƙayar ba 'yar ƙasa ba ce, daga Turai irinta ya zo, kamar yadda dawaki suka zo tare da Pedro de Mendoza a 1536, shanu kuma suka biyo baya. Ashe abin mamaki na farko da baƙo ya yaba a Pampa, shi ma baƙo ne.

Inda saurin ya cuci Head shi ne wajen mutane. Mahayin nan makiyayi da ake kira gaucho ya burge shi, ya yaba 'yancinsa da ƙwarewarsa a kan sirdi, amma yabo ne irin na wanda ya kwana ɗaya ya wuce. 'Yan asalin ƙasar kuwa, galibin abin da ya rubuta game da su daga bakin mutanen zango ya ji shi. A wani wuri har ya yi mafarkin a dasa birane da miliyoyin mutane a filin, su saki shanu su kafa garma ba tare da sharar gona ba. Idon ma'aikacin kamfani ke nan: yana kallon fili, yana ƙirga abin da za a yi da shi. Shekara takwas bayan haka, a 1833, Charles Darwin ya bi kudancin filin a kan doki a hankali, yana tono ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe. Shi ya lura cewa ƙayar ta Turai ce, shi ne kuma ya sauka a sansanin Janar Juan Manuel de Rosas a bakin kogin Colorado, ya rubuta yadda sojoji suke karkashe 'yan ƙasar, har da mata.

Domingo Faustino Sarmiento ya wuce Head a wannan fanni, domin shi bai ma je ba. Mutumin San Juan ne, can gindin duwatsu, kuma yana gudun hijira a Chile lokacin da ya rubuta Facundo a 1845. Babin farko na littafin shi ne siffantawar Pampa da ta fi kowace tasiri a adabin Ajantina, alhali mai ita bai taɓa sa ƙafa a wurin ba sai wajen shekara shida bayan fitowar littafin, lokacin da ya biyo rundunar da ta tumɓuke Rosas a 1852. Daga littattafan matafiya irin su Head da labaran ayari ya haɗa hotonsa. Manazarci Adolfo Prieto ya bi diddigin wannan aro a wani littafi da ya fitar a 1996, ya nuna yadda marubutan Ajantina na farko suka koyi kallon ƙasarsu ta idon Turawan Ingila.

A wurin Sarmiento faɗin filin shi ne cutar ƙasar. Fili ya warwatsa mutane, warwatsuwa ta hana makaranta da kotu da majalisa, rashin waɗannan kuwa ya haifi mai mulki da takobi. Da ya rasa abin da zai kamanta Pampa da shi, sai ya ɗauko filayen Asiya da Larabawan ƙauye, waɗanda su ma a littafi ya san su. Ba a musun ƙarfin rubutun. Harshen yana da zafi, kuma bayanin da ya yi na mai bin sawu da na jagoran da ya san kowane kududdufi yana cike da sha'awar da marubucin ya kasa ɓoyewa. Amma shi ne ya kafa rabon nan na gida biyu, birni wayewa, fili jahilci, kuma mutumin da ya kafa shi ya zama shugaban ƙasa daga 1868 zuwa 1874. Kalmar desierto ta tashi daga adon harshe ta koma manufar gwamnati.

Wanda ya sauka daga doki

A zamanin mulkin Sarmiento ne Kanar Lucio V. Mansilla, kwamandan bakin iyaka a Río Cuarto, ya tashi a ƙarshen watan Maris na 1870 da 'yan mutane ƙalilan da limaman Kirista biyu, ya nufi Leubucó, mazaunin shugaban kabilar Rankel, don ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya. Tafiyar kwana 18 ce kacal. Ya rubuta ta a matsayin wasiƙu zuwa ga wani abokinsa, jaridar La Tribuna ta Buenos Aires ta riƙa bugawa, a shekarar kuma aka haɗa su littafi mai suna Una excursión a los indios ranqueles. Ya kamata a faɗa cewa Leubucó tana yammacin Pampa ne, inda ruwa ya yi ƙaranci, rairayi da kurmin itacen caldén suka fara maye gurbin ciyawa. Wato in akwai inda kalmar hamada za ta ɗan dace, to nan ne. A nan ɗin ne kuwa aka fi samun mutane a cikin littafi.

Ta fuskar zubi da tsari, littafin yana da aibi a fili. Mansilla mutum ne mai son kansa da son a ji shi. Yakan bar hanya ya shiga labarin yaƙin Faraguwai, ko na abincin da ya ci a Turai, ko mafarkin da ya yi, har mai karatu ya manta inda aka tsaya. Kwana 18 ya cika babi fiye da 60. Sai dai wannan jan ƙafa shi ne darajar littafin. Al'adar Rankel ba ta yarda baƙo ya wuce a guje ba. Dole ya tsaya a yi gaisuwa mai tsawo, masu magana da yawun shugabanni su yi ta jujjuya tambaya ɗaya, ya rungumi kowa, ya ci naman goɗiya, ya sha abin da aka miƙa masa. Tun da an tilasta masa zama, sai ya fara gani. Ya shiga bukkar fata ya tarar da ita a share, an raba ta ɗaki-ɗaki, akwai wurin zama da kwanukan abinci, ya kwatanta ta da bukkar gaucho Kirista, ya yanke hukunci cewa ta ɗan ƙasar ta fi tsari. Ya ziyarci shugaba Ramón, maƙerin azurfa, ya ga gonakin masara da kabewa da kankana a wurin da taswira ta ce ba kowa.

Wurin da ya fi kowane nauyi a littafin shi ne zamansa da babban shugaba, Mariano Rosas. An kama Mariano yana yaro, aka kai shi wurin Juan Manuel de Rosas, wanda ya sa aka yi masa baftisma, ya ba shi sunansa, ya sa shi aiki a gandun kiwonsa, daga baya ya gudu ya koma wurin danginsa. Mansilla kuwa ɗan 'yar'uwar Rosas ɗin ne, saboda haka mutanen biyu suna da wata irin dangantaka mai wuyar suna. Ana cikin tattauna yarjejeniya sai Mariano ya ɗauko akwatin da yake ajiye takardu, ya zaro yankin jaridar La Tribuna da ke maganar shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta cikin ƙasarsu, ya nuna wa baƙon cewa ya san abin da ake nufi da sayen filin. Wannan fage ya rushe rabon Sarmiento ba tare da wata muhawara ba: ga wanda aka kira jahili yana ajiye jarida, yana kama wayayye da ƙarya. Mansilla ya cancanci yabo da ya rubuta fagen, ko da yake shi ne ya sha kunya a ciki.

Amma kada tausayin marubucin ya rufe wa mai nazari ido. Soja ne, kuma bai ɓoye ba cewa yana son sanin hanyoyi da wuraren ruwa. Yarjejeniyar ba ta tsinana kome ba. Mariano ya rasu a 1877. A 1879 rundunar Janar Julio Argentino Roca ta share yankin, a yaƙin da aka sa wa suna cin hamada, aka tone kabarinsa, ƙoƙon kansa ya ƙare a gidan tarihi na La Plata. Hamadar da aka daɗe ana faɗa a littafi, sai da aka yi ta da bindiga.

Inuwar da ta rage

Kafin 1926, lokacin da Ricardo Güiraldes ya fitar da ƙagaggen labarinsa Don Segundo Sombra, Pampa ta zama wata aba dabam. Shingen waya, wanda aka fara kafawa a 1845, ya yanyanka filin. Jirgin ƙasa da ya fara tafiya a 1857 ya ratsa ko'ina. Jirgin ruwa mai sanyaya nama ya iso Buenos Aires a 1876, ya buɗe kasuwar Turai. Baƙi daga Italiya da Sifaniya sun cika gonakin alkama da masara, har ƙidayar 1914 ta nuna kusan kashi 30 cikin 100 na mutanen ƙasar a waje aka haife su. Gaucho mai yawo, wanda José Hernández ya yi wa kuka a waƙarsa Martín Fierro a 1872, ya koma ɗan ƙodago mai albashi.

Güiraldes ɗan masu gandu ne. An haife shi a 1886, ya yi ƙuruciya a gandun iyayensa, La Porteña, kusa da garin San Antonio de Areco, ya kuma yi zaman Faris cikin mawaƙan zamani. Jigon labarinsa tarbiyya ce ta hanyar tafiya. Wani yaro maraya ɗan shekara 14, wanda ya gaji da zaman gari wurin gwaggwanninsa, ya ga wani mahayi da magariba, ya gudu ya bi shi. Shekara biyar suna kora shanu daga gandu zuwa gandu. Yaron ya koyi horar da doki, da jifa da igiyar zarge, da haƙuri da ruwan sama da yunwa, da yin shiru in an yi asara. Marubucin ya yi wasa da kalmomi biyu masu kama da juna, guacho, wato maraya, da gaucho: tafiyar ita ce ta mai da na farko na biyu.

Ta wajen salo, babu ɗaya cikin littattafan da aka ambata da ya kama ƙafar wannan. Güiraldes ya san aikin, ya san sunan kowane launi na doki da kowane ɗauri na sirdi, kuma saurin labarin saurin garke ne, ba sukuwar Head ba. Koren shanu na farko cikin ruwan sama, da fagen da aka isa gaɓar teku inda laka ke motsi da ƙaguwa tana neman haɗiye doki, da tatsuniyoyin da Don Segundo ke yi a bakin wuta, duk suna zama a zuciyar mai karatu. Mutuntarwa ta yi yawa a littafin: dare yana matsowa, fili yana numfashi, hanya tana kira. Jorge Luis Borges ya lura cewa wannan littafi da ake ɗauka tsantsar na gida ne, adon harshensa daga mawaƙan Faransa ya samo shi, tsarinsa kuma yana bin sawun Kim na Kipling da Huckleberry Finn na Mark Twain. Borges bai ɗauki wannan aibi ba, kuma da gaskiyarsa; aro ba ya rage darajar aiki in an iya shi.

Aibin yana wani wuri. Shingen waya yana cikin labarin, amma a matsayin gefen hanya kawai. Ba wanda ya tambayi wa ya kafa shi, ko me ya sa mahayan da ake yabon 'yancinsu suke tafiya a lungu tsakanin wayoyi biyu, suna kora shanun wasu. 'Yan asalin ƙasar ba su da gurbi. Manomin alkama ma haka, alhali a 1912 manoma 'yan haya suka yi babban yajin aiki da ya faro daga garin Alcorta a lardin Santa Fe, saboda tsadar hayar gona. In baƙo ya fito, galibi mai kanti ne ko abin ba'a. Warwarar labarin ita ta fi tona asiri. Sai ga wasiƙa: ashe yaron ɗan wani mai gandu ne, sunansa Fabio Cáceres, ya gaji dukiya. Ya yi ɗan tirjiya, sa'annan ya karɓa. Don Segundo ya zauna da shi shekara uku, ya ga ya kafu, ya hau dokinsa ya tafi, Fabio yana kallonsa har ya ɓace a ƙarshen sarari. Fagen yana da taɓa zuciya, amma in aka duba rabon da aka yi, mai gandu ya riƙe ƙasa, ya kuma ƙara da halin gaucho da sunansa. Gaucho ya samu hanya. Kalmar sombra a sunan tauraron ma'anarta inuwa, kuma inuwa ba ta neman albashi.

Wannan ne littafin da ya ci gari. An buga shi a San Antonio de Areco, ya samu babbar kyautar adabi ta ƙasa, marubucin ya rasu a Faris a 1927 aka kawo gawarsa garin. Segundo Ramírez, ma'aikacin gandun da aka ɗauki siffar tauraron daga gare shi, ya rayu har 1936, kabarinsa yana maƙabarta ɗaya da na marubucin. A 1938 aka buɗe gidan tarihin gaucho mai sunan Güiraldes a bakin kogin Areco, ya haɗa da tsohon kantin nan La Blanqueada da ya fito a farkon labarin. A 1939 lardin Buenos Aires ya keɓe ranar 10 ga Nuwamba, ranar haihuwar Hernández, ta zama ranar al'ada, Areco kuwa ta zama cibiyar bikin. Baƙon da ya taso daga Buenos Aires, tafiyar kilomita 110 da 'yan kai, zai ga tsohuwar gada, da maƙeran azurfa masu yin wuƙa da ƙaimi, da mahaya cikin faffaɗan wando da ɗamara mai kuɗin azurfa, kowa yana kora rukunin dawakinsa masu launi ɗaya a bayan goɗiya mai ƙararrawa. A gandayen da suka koma masaukin baƙi za a gasa masa nama a kan garwashi, a miƙa masa shayin mate a ɗan duma, a ɗora shi a doki ya zaga inuwar itacen ombú.

Ba a cewa waɗannan abubuwa ƙarya ne. Mahayan ma'aikata ne na gaske, ƙwarewarsu kuma ta gaske ce, kuma wanda ya taɓa tsayawa a fili irin wannan da yamma, ba tudu ba bishiya, tsuntsun tero yana ƙara, ɗan jiminar nan ñandú yana gudu can nesa, zai gane abin da ya kama Head da Güiraldes, da W. H. Hudson wanda aka haifa a wurin a 1841 ya kuma rubuta ƙuruciyarsa cikin tsuntsayen Pampa a Far Away and Long Ago a 1918. Abin da ake cewa shi ne jerin abubuwan kallon, babi-babi, jerin littafi ɗaya ne. Abin da baƙon zai gani ta tagar mota kafin ya isa ba ya cikin jerin: tun da aka amince da irin waken suya da aka sauya wa halitta a 1996, noman waken ya mamaye miliyoyin kadada, shanu da yawa sun koma turken kitso ko ƙasashen gefe, ciyawar asali kuwa saura kaɗan a lungunan da garma ba ta shiga ba.

Hanyar Mansilla ba ta samu irin wannan gata ba. Leubucó tana lardin La Pampa, arewa da garin Victorica, nesa da hanyar masu yawon buɗe ido. A 2001, bayan shekaru ana neman haka, gidan tarihi na La Plata ya mayar wa zuriyar Rankel ƙoƙon kan Mariano Rosas, aka kai shi bakin tafkin da ya karɓi baƙonsa a 1870, aka gina masa makwanci da itacen caldén, da sunansa na asali, Panguitruz Güor.